Mai Tantance Ƙorafi

Duk ƙarshen wata, ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na ƙasar Argungu, daga Gulma zuwa ƙauyukan bakin fadama, sukan buɗe manyan rajistocinsu su yi lissafi: mata nawa suka zo awon ciki, yara nawa aka yi wa rigakafi, mutum nawa gwaji ya nuna suna da zazzaɓin cizon sauro. A cika takardar wata, a kai wa jami'in ƙididdiga na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar da alƙaluman cikin wata manhaja mai suna DHIS2. Ta nan Birnin Kebbi take gani, Abuja ma ta gani. Manhajar nan ba ta wani ɗan kasuwa ba ce da zai kulle sirrinta a akwati. Cibiyar HISP ta Jami'ar Oslo a ƙasar Norway ce ke jagorantar gininta, tushenta kuwa Afirka ta Kudu ne a shekarun 1990, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara. Haka ODK take, wadda aka fara a Jami'ar Washington a 2008, wadda masu sa ido kan rigakafin shan inna suka yi ta cika fom da ita a wayoyinsu a lungunan Arewa, kafin a ayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar ranar 25 ga Agustan 2020. Haka kuma SORMAS, manhajar sa ido kan ɓarkewar annoba, wadda tunaninta ya taso daga Ebolar da ta shigo Legas a 2014, lokacin da masana lafiyar Najeriya suka haɗa kai da Cibiyar Helmholtz da ke Braunschweig a Jamus. A 2016 aka mayar da ita buɗaɗɗiya, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta rungume ta.

Barin ƙofa a buɗe yana da nasa nauyi. Kowace irin wannan manhaja tana da kundin da ake shigar da ƙorafi, ODK da SORMAS a GitHub, DHIS2 a Jira, kuma duk mai data a waya yana iya rubutawa. Wani ya zo da tangarɗa ta gaske. Wani bayanin amfani ne bai karanta ba. Wani buri ne ya kawo shi, yana son a ƙara masa abin da babu. Wani abin da ya kawo an riga an kawo shi sau huɗu da wasu kalmomi dabam. Wani kuwa faɗa kawai ya zo yi. Masu rubuta manhaja ba su da yawa, kuma a ayyuka da dama sa kai suke yi bayan sun taso daga wurin neman abincinsu. In aka ce su za su bi kowane ƙorafi tun daga tushe, lokacin gyaran kansa ba zai samu ba.

Shi ya sa akwai wani mutum da ke fara karantawa kafin kowa. Ba lallai ya rubuta ko layi ɗaya na manhajar ba, sunansa ma ba safai yake fitowa a sanarwar sabuwar siga ba. Aikinsa ya karanta ƙorafi, ya gane abin da ke ciki, ya tabbatar da shi, ya liƙa masa laƙabin da ya dace, ya miƙa shi ga wanda ya dace. Ni dai a duk sana'o'in kwamfuta ban ga wadda ta fi wannan burge ni ba, domin a hannunsa ake yanke wa zai samu a saurare shi, wa kuma kukansa zai nutse. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da gogaggen mai sayen samfarera a kasuwar Argungu ya san irin wannan ido: ya zura hannu can cikin buhu, ba sama-sama ba, ya murza a tafi, ya ciza ƙwaya ɗaya, ya ce wannan ba ta bushe ba, waccan da tsakuwa, wannan kuwa a wuce da ita injin yau. Minti ɗaya ne a idon mai kallo, amma shekaru ne a cikinsa.

Bari mu bi ƙorafi ɗaya daki-daki. A ɗauka wata ma'aikaciyar lafiya ce a Gulma take rajistar masu juna biyu da wata manhajar waya, ba ɗaya daga cikin waɗanda na ambata ba. Ta kira shugabanta ta ce, "Yallaɓai, abin ga ya ƙiya. Wata macce in na sa sunanta shi amsa, wata ko shi hidda ni waje." Shugaban yana cikin hidima, sai ya rubuta wa masu manhajar layi ɗaya: manhaja tana rufewa, a gyara da gaggawa. Ya haɗa da hoton fuskar wayar.

Abu na farko da gwani zai yi ba shi da alaƙa da fasaha. Zai duba hoton nan, in ya ga sunayen mata da lambobin wayarsu da watannin cikinsu, nan take zai cire shi, domin kundin ƙorafi fili ne, duniya duka na gani. Sannan ya yi godiya, kuma godiyar ba ado ba ce, don mutum ɗaya da ya kawo ƙorafi yana wakiltar wasu da yawa da suka haɗiye nasu suka koma takarda da biro. Sai tambayoyi, gajeru, waɗanda mai aiki a tsaye zai iya amsawa, shugaban ya miƙa wa ma'aikaciyar: "Malama, sannu da ƙoƙari. Wace siga ce a wayarki? Lambar tana ƙasan shafin farko. Wace irin waya ce? Me kika danna kafin ta rufe? Kullum take yi, ko jefi-jefi?" Amsa ta zo cewa cikin mata ashirin, uku ne suka ƙi shiga. A nan ake gane bambancin gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo zai gwada a kwamfutarsa da sunan da ya fara zuwa masa, ya ga ta karɓa, ya rubuta cewa shi bai ga matsala ba. Gwani zai ce: uku cikin ashirin ba sa'a ba ce, akwai abin da ya haɗa ukun nan. Sai ya sake tambaya, ba cikakken suna yake so ba, sunan yanka kawai. A'isha, Sa'adatu, Rabi'atu.

Ya buɗe manhajar gwaji ya rubuta Hauwa. Ta shiga lafiya. Ya rubuta Hauwa'u. Manhaja ta rufe.

Ɗan waƙafin nan na sama da muke rubuta hamza da shi, a harshen SQL da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, shi ne alamar da ke nuna inda zance ya fara da inda ya ƙare. In mai rubuta manhaja ya ɗauki abin da aka cika a fom ya manna shi ɗanye cikin umarni, rumbun zai karanta Hauwa, ya ga alamar ya ɗauka suna ya ƙare, sannan ya ɗauki harafin da ya rage a matsayin umarnin da bai gane ba, ya tsaya cak. Ƙorafin da ya zo a matsayin "manhaja tana rufewa" yanzu ya koma jimla ɗaya tsaf: ajiye suna mai hamza a shafin rajista yana rufe manhaja, a siga kaza, ga matakai uku da za a bi a gani. Mai gyara da ya samu wannan ba zai ɓata yini yana lalube ba, kai tsaye zai nufi wurin.

Amma gwanin bai gama ba, kuma abin da ya biyo baya shi ne ya fi burge ni. Ya san cewa in hamza tana iya shiga cikin umarni, to duk wanda ya san kan abin yana iya rubuta cikakken umarni a gurbin suna, rumbun kuma ya bi: ya fito masa da bayanan dukan matan da aka yi wa rajista, ko ya share su ɗungurungum. Masana tsaro sun san wannan kafa tun ƙarshen shekarun 1990, kuma har yau ana samunta. Saboda haka ba zai zauna a fili yana bayyana abin da ya gano ba. Zai janye zancen daga bainar jama'a, ya mayar da shi ta hanyar sirri da aikin ya tanada don lamuran tsaro, ya sa masa matakin gaggawa mafi girma, ya gaya wa mai ƙorafin a taƙaice cewa an gane matsalar kuma ana kanta. Haka aka yi da Log4j, wani ɗan ɓangaren manhaja da 'yan sa kai ke kula da shi a ƙarƙashin Gidauniyar Apache, wanda yake cikin na'urori marasa adadi. Chen Zhaojun na sashen tsaron Alibaba ya kai rahoton kafar a asirce ranar 24 ga Nuwamban 2021, ana cikin shirya gyara zancen ya fito fili wajen 9 ga Disamba, kuma cikin sa'o'i masu kutse suka fara gwada ta ko'ina a duniya. Tazarar da ke tsakanin gano kafa da toshe ta, mai tantancewa ne ke fara tsaron ta.

Ba kowane ƙorafi ne yake kaiwa can ba. Wani lokaci gwanintar ita ce gane cewa laifin ba na gidan ba ne. Jami'i ya sauke jerin sunaye ya buɗe a kwamfutar ofis, ya ga duk inda ƙ take ta koma Æ™, ɗ ta koma É—, ya ce manhaja ta lalata masa bayanai. Wanda ya saba, kallo ɗaya zai yi. A tsarin UTF-8 harafin ƙ guntaye biyu ake ajiye shi, in kuwa manhajar jadawalin da ta buɗe fayil ɗin ta ɗauka tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai ne, sai ta karanta kowane guntu a matsayin harafi mai zaman kansa. Bayanan suna nan lafiya, karatun ne ya karkace. Sai ya nuna wa jami'in yadda zai buɗe fayil ɗin daidai, amma ba ya tsayawa nan: yakan buɗe wani ƙaramin rahoto cewa a ƙara wannan cikin bayanin amfani, don ya san gobe wani zai dawo da ita daga Jega ko Yauri. Irin waɗannan suna da yawa a wajenmu. Ƙananan hukumomin Kebbi 21 ne, biyu daga ciki, Koko/Besse da Danko/Wasagu, akwai karkataccen layi a sunansu, alhali da wannan layin kwamfuta ke raba ma'ajiya da ma'ajiya, don haka fayil ɗin da aka raɗa wa sunan ƙaramar hukuma yana iya ƙin ajiyuwa a nan biyun kaɗai. A Kamba kuwa, bakin iyaka, wanda ya yi karatu a Nijar zai rubuta ƴ inda ɗan Najeriya zai rubuta 'y, sai mutum ɗaya ya zama biyu a rajista.

To, laƙabin fa? In ka buɗe sabon aiki a GitHub za ka tarar an tanadar maka wasu, kamar: na tangarɗa, na bayanin amfani, na maimaici, na neman ƙari, na tambaya, na wanda ba daidai ba, na wanda ba za a gyara ba, na neman taimako, da na aikin da ya dace da sabon shiga. Kowane aiki kuma yakan ƙara nasa, na ɓangaren da abin ya shafa, na sigar da aka gan shi, na jiran ƙarin bayani. Mai kallo daga nesa zai ga 'yan launuka ne kawai, ja da kore da shuɗi. Amma da su ne mai gyaran ɓangaren waya yake tace dubban rahotanni su koma sha biyu da suka shafe shi, da su ne ake tsara abin da zai shiga siga mai zuwa. Laƙabin da aka sa ba daidai ba ya fi rashin laƙabi muni, domin rahoton da ba a taɓa ba yana nan a layin jira, wanda aka kai gidan da ba nasa ba kuwa kowa ya ɗauka wani yana kansa.

Mafi wuya cikinsu shi ne na gaggawa. A Phabricator, inda masu kula da manhajar Wikipedia suke aiki, har da wadda Wikipediyar Hausa ke tafiya a kanta, kowane sabon rahoto yana shigowa ne da alamar cewa yana jiran tantancewa, matakin ƙoli kuwa ma'anarsa a ajiye komai a gyara wannan yanzu. Tsakanin waɗannan biyu duk hukunci ne na mutum. Munin tangarɗa dabam, gaggawarta dabam. Manhaja tana iya rufewa gaba ɗaya a wani lungu da mutum ɗaya ke shiga sau ɗaya a shekara: abin da muni, amma zai iya jira. Wata kuwa ba ta rufe komai, ba ta nuna wani jan rubutu, kawai tana karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, tana ta ajiye kwanakin ƙarya shiru-shiru. Wannan ta biyun ita ce ke hana gwani barci, saboda abin da ya rufe kowa ya gani, abin da ya yi ƙarya kuwa sai an riga an yanke shawara a kansa.

Kuma gaggawa tana da kalanda. A annobar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, an samu sama da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Duk ɗan wannan yanki ya san sanƙarau da zafin Maris da Afrilu yake tafe. Tangarɗar da ke jinkirta rahoton jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da kwana uku, a watan Agusta damuwa ce, a watan Afrilu kuwa rayuka ne, don da alƙaluman mako-mako ake sanin ko gunduma ta haye matakin annoba har a turo allura. Mai tantancewar da ya san haka zai ɗaga rahoton sama tun a Janairu. Wanda bai sani ba zai bi yawan masu ɗaga hannu, kuma a nan akwai tarko. GitHub yana barin mutane su danna alamar goyon baya a kan ƙorafi, ana ma iya jera rahotanni bisa yawan goyon bayan. Sai ka ga mutum ɗari biyu suna neman a canza launin shafi don kada ya dame su da dare, ga kuma mutum ɗaya tak da ya ce fom ɗinsa suna ɓacewa in netwok ya ɗauke ana tsakiyar turawa. Ɗari biyun nan su ne masu intanet mai ƙarfi da lokacin zama. Ɗayan nan kuwa a bayansa akwai ɗaruruwan da ba su ma san akwai inda ake kai ƙorafi ba. Adalci a wannan aiki shi ne iya ƙirga waɗanda ba su yi magana ba.

Wannan ya kawo mu ga jimlar da ta fi kashe rahotannin mutanenmu: na gwada, ban ga matsalar ba. Gaskiya mai faɗinta yake faɗi. Ya gwada a sabuwar waya mai faɗin ƙwaƙwalwa, a ofis mai intanet da ba ya yankewa, da fom biyu. Mai ƙorafin kuwa itel ce ko Tecno a hannunsa, ta shekara huɗu, ma'ajiyarta cike da hotuna da saƙonnin murya, batirinta na kan gargara. Damina ta yi nisa, Gulbin Rima ya cika ya malale fadama, hanya ta yanke, bai samu netwok mai kyau ba sai ranar da ya shigo Argungu da fom 200 a jere suna jiran tafiya. Tangarɗar tana zaune ne a cikin wannan hali, ba a cikin na mai gwajin ba. Gwanin mai tantancewa yakan gina halin da hannunsa. Ya nemo tsohuwar waya daga aljihun tebur, ya cika ma'ajiyarta da gangan, ya rage gudun intanet da kayan gwajin da ke cikin Chrome, ya ƙirƙiro fom ɗari biyu na ƙarya, ya fara turawa, ana tsakiya ya kashe data, ya kunna, ya sake kashewa. A karo na shida abin ya faru a gabansa. Daga wannan lokaci rahoton ya tashi daga zargi ya zama tabbas.

Saboda haka ne nake da ja da wata al'ada da ta yaɗu, ta sa na'ura ta riƙa rufe tsofaffin rahotanni da kanta. A aikin Kubernetes, manhajar da manyan kamfanoni ke jujjuya dubban kwamfutocinsu da ita, rahoton da ya yi kwana 90 ba motsi ana sa masa alamar ya kwana biyu, bayan wasu kwana 30 a ce ya ruɓe, bayan wasu 30 a rufe. Na fahimci dalilinsu, yawan ya fi ƙarfin mutum, kuma masu amfani da Kubernetes injiniyoyi ne da ke kan kwamfuta kullum. Amma kwafo wannan tsari zuwa manhajar da ma'aikatan karkara ke amfani da ita zalunci ne da ba a yi niyya ba. Shirun mai ƙorafi ba ya nufin matsala ta warke. Yana iya nufin an yi masa canjin wurin aiki, ko wayar ta faɗa ruwa, ko Turancin tambayar ya yi masa nauyi, ko ya gaji ya haƙura. Na'ura tana ƙirga kwanaki ne kawai. Mutum shi ke iya cewa wannan rahoto tsoho ne amma matakansa a bayyane suke, bari in gwada da kaina kafin in rufe.

Akwai dabarun da ake koyo cikin mako guda. In aka ce abu yana aiki a sigar bara ya daina a ta bana, kuma canji dubu aka yi a tsakani, ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Git, ma'ajiyar tarihin rubutun manhaja da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana da hanyar da za ka gwada na tsakiya, ka ce lafiya ko ba lafiya, ya zubar da rabi, ka sake gwada tsakiyar ragowar. Gwaji goma ya isa ya nuna maka canjin da ya jawo abin, da sunan wanda ya yi shi, da ranar. Abin da ba ya koyuwa da sauri shi ne tunawa. Wani ya ce taswira ba ta fitowa, wata ta ce shafi yana yin fari in ta zaɓi gunduma, wani ya turo dogon saƙon kuskure babu ko sallama, kuma dukansu abu ɗaya ne. Gane haka sai wanda ya daɗe yana karatu. Gidauniyar Wikimedia ta ɗauki mutum takanas don wannan aiki, Andre Klapper, kuma lokacin da suka tashi daga tsohon kundinsu na Bugzilla zuwa Phabricator a Nuwamban 2014 rahotanni sama da 70,000 aka kwashe. Ko haɗe maimaici ma yana da ladabinsa. Ba rufewa kawai ake yi ba. Sau da yawa rahoto na huɗu ne yake ɗauke da ɗan bayanin da na farko ya rasa, irin wayar ko lokacin da abin ke faruwa, sai a kwashe shi a kai can, a kuma nuna wa mai shi inda zai bi zancen.

Sai kuma cewa a'a. Wani ya nemi a ƙara abin da zai amfani ofishinsa kaɗai amma ya rikita wa ƙasashe da dama aiki. Dole a ƙi, kuma yadda aka ƙi shi ne zai sa mutumin ya dawo gobe da rahoto mai amfani ko ya tafi ke nan. Gwani yakan faɗi dalili a fili, ya nuna wata hanyar da za a bi a biya buƙatar in akwai, ba ya barin mutum a rataye shekara biyu don gudun ɓacin ransa. Yakan kuma sha zagi daga wanda aikinsa ya tsaya, ya tsame bayanin da ke cikin zagin ya bar sauran. A 'yan shekarun nan wani sabon nauyi ya ƙaru. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Sweden da ke jagorantar curl, wata 'yar manhajar jigilar bayanai da ke cikin biliyoyin na'urori, tun farkon 2024 yake kuka da rahotannin tsaro da ake sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta: tsararru, dogaye, cike da kalmomin masana, amma tangarɗar da suke bayyanawa babu ita sam. Kowanne sai ya ci sa'o'in mutane kafin a tabbatar ƙarya ne. Ga rahoton gaskiya cikin karyayyen Turanci, ga na ƙarya cikin Turanci mai santsi, kuma mai tantancewa ba zai bari kyan lafazi ko muninsa ya yanke masa hukunci ba. Gwaji ne kaɗai shaidarsa.

Ina faɗin wannan duka ne da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a raina, da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da na Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru. Da yawansu suna ganin ba su isa su shiga aikin buɗaɗɗiyar manhaja ba sai sun ƙware a rubutu, sai sun mallaki babbar kwamfuta. Alhali abin da suke gani a matsayin rashi, wato ƙaramar waya, netwok mai zuwa yana ɗaukewa, sunaye masu hamza da lanƙwasa, sanin lokacin ambaliya da lokacin sanƙarau, shi ne ainihin abin da mai gyara a Oslo ko Braunschweig ba zai iya saya ba. Wanda zai ji "shi hidda ni waje" ya gane manhaja ce take rufewa, ya kuma iya mayar da shi matakai uku da injiniya zai bi, ya riƙe wani gurbi da babu mai cika shi sai irinsa. Hanyar ma a share take. A 2019 GitHub ya ƙirƙiro matsayi na musamman ga mai tantancewa, wanda zai iya sa laƙabi, ya rufe rahoto ko ya sake buɗe shi, ba tare da an ba shi ikon taɓa rubutun manhajar ba. A shekarar dai masu kula da harshen Python suka kafa tawagar masu tantancewa, kuma daga cikinta wasu suka zama cikakkun masu gina harshen. A gida, ƙungiyar Open Source Community Africa, wadda Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018, tana haɗa masu irin wannan sha'awa.

Farawa ba ya buƙatar izinin kowa. Ɗalibi ya zaɓi manhajar da yake amfani da ita da gaske, ya karanta ƙa'idojin ba da gudummawarta, ya tace rahotannin da ke ɗauke da laƙabin jiran ƙarin bayani, ya fara da tsofaffin. Ya ɗauki guda ɗaya, ya sauke sigar yau a wayarsa, ya bi abin da mai ƙorafin ya faɗa. In bai ga matsalar ba, ya rubuta haka tare da irin wayarsa da sigar da ya gwada. In ya gan ta, ya rubuta: na gwada a itel kaza mai Android kaza, da sigar yau, na kashe data ana tsakiyar tura fom na arba'in, fom uku sun ɓace, na maimaita sau uku, ga matakan. Wanda ke da iko a aikin zai cire laƙabin jira ya sa na tabbatarwa, rahoton da ya shekara a kwance ya shiga layin gyara.